Tsiro mai cin ƙwari a cikin ɗaki: Wanne ne zai jure wa hunturun Kaduna?

A cikin furannin da masu kawo kayan ado daga ƙasashen waje ke tallatawa a Instagram da WhatsApp, akwai wanda ke tsayar da ido fiye da saura. Ganyensa dogo ne kamar na mangwaro, amma a ƙarshen kowane ganye akwai siririyar igiya, a ƙarshen igiyar kuma wani ɗan tulu ja yana lilo, da murfinsa a sama. Masana tsirrai suna kiransa Nepenthes. Mutanen Malesiya suna ce masa tukunyar biri. Da yake ba ɗan ƙasar nan ba ne, Hausa ba ta raɗa masa suna ba, don haka a wannan rubutu za mu kira shi mai-tulu.

Ma'aikaci a Barnawa ko ɗan kasuwa a Kakuri da ya yi sha'awarsa zai tarar farashinsa na bin dala, domin daga waje ake kawo shi. Asarar da ake yi a kansa kusan iri ɗaya ce: a saya a Nuwamba yana sheƙi, kafin Fabrairu tulunan sun bushe, kafin azahar ɗin Afrilu ya zama kara. Galibi mai shi bai yi sakaci ba. An sayar masa da nau'in da bai dace da garin ba ne, ko an shayar da shi ruwan da ba ya sha. Jinsin yana da nau'i fiye da 150, kuma kaɗan ne daga ciki za su iya zama da mutum a ɗaki a kudancin kogin Kaduna.

Gidansa na asali kudu maso gabashin Asiya ne, musamman tsibiran Borneo da Sumatra da ƙasar Filifin. A babban yankin Afirka babu shi ko ɗaya. Iyakarsa Madagaska, mai nau'i biyu, da tsibiran Seshel mai guda. A Madagaska ne ma Bature ya fara bayyana shi a rubuce, wato gwamnan Faransa a tsibirin, Étienne de Flacourt, a 1658. Linnaeus na Suwidin ya ba shi sunan Nepenthes a 1737, ya aro shi daga wani maganin mantar da baƙin ciki da ke cikin labaran Girkawan dā. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba wajen tsirrai masu cin ƙwari: a fadamu da jiƙaƙƙun wurare na Arewa akwai Drosera, mai kama ƙwaro da danƙon ganyensa, da Utricularia mai zuƙe ƙananan halittun ruwa. Sai dai ƙanana ne ƙwarai, har manomi ya taka su bai sani ba.

Yadda tulun ke aiki

Sai an fahimci dalilin tulun kafin a gane abin da tsiron ke bukata. Mai-tulu yana tsirowa ne a ƙasar da ruwan sama ya wanke ta ƙarƙaf, babu sinadarin naitirojin ɗin kirki a cikinta. Abin da saiwa ta kasa samowa a ƙasa, sai ganye ya nemo shi a jikin ƙwaro. Murfin da leɓen tulun suna fitar da ruwan zaƙi, tururuwa da ƙuda su biyo. Idan leɓen ya jiƙe, santsi yake kamar daɓen siminti da aka zuba wa ruwan sabulu, ƙwaro na takawa sai ya zame. Bangon ciki a yawancin nau'o'in yana da wani kaki mai hana ƙafa kamawa. A ƙasa kuma ruwa ne mai tsami, wanda tsiron da kansa ya samar tun kafin murfi ya buɗe, cike da sinadaran narkar da nama. Joseph Hooker, shugaban lambun Kew na Ingila, ya nuna hakan a 1874, shekara guda kafin Darwin ya fitar da littafinsa kan tsirrai masu cin ƙwari.

Murfin ba ya rufewa a kan abin da ya faɗa, aikinsa kare ruwan sama da jawo ƙwari. Tsiron ba ya cizo, ba ya motsi, yaro zai iya sa yatsa ya fitar lafiya. Kuma ƙwaron a wajensa taki ne kawai. Abincinsa na ainihi daga haske yake haɗa shi, kamar gero da dawa.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da masu talla ba sa son faɗa. Mai-tulu ba maganin sauro ba ne. Macen sauro da ke neman jini, numfashin mutum da warin jikinsa take bi, kuma ɗan tulu biyar a taga ba zai rage ta ba. A dazukan Asiya ma akwai nau'o'in sauro da ke yin ƙwai a cikin tulun, tsutsarsu ta girma a ciki lafiya lau. Wanda ya naɗe gidan sauronsa saboda ya sayi wannan tsiro, ya shirya wa zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta. Abin da yake kamawa a gida shi ne kiyashi da tururuwa da ƙananan ƙudaje, wani lokaci da ɗan kyankyaso.

'Yan tudu, 'yan kwari da garin da ke tsakani

Masu noman wannan tsiro sun kasa shi gida biyu bisa tsayin wurin da yake fitowa. Akwai 'yan kwari, masu rayuwa ƙasa da kimanin mita 1,000 daga teku, inda rana ke kai digiri 30 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, dare ba ya sauka ƙasa da 20, iska kuma kullum a jiƙe. Akwai 'yan tudu, na kan duwatsu, masu son rana mai sauƙi da dare mai sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15, kowane dare na shekara.

To, ina Kaduna ta faɗa? Garin yana kan tsayin kimanin mita 600, kuma shekararsa uku ce a wajen wannan tsiro. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, ruwan da ke sauka ya kan kai wajen milimita 1,200, iska na da laima, zafi da sauƙi. A wannan lokaci kusan kowane ɗan kwari zai ji kamar yana gida. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne: dare ya yi sanyin da ɗan tudu ke so, amma laimar iska da rana ta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura. Sai bazara, Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 35, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ya kwana bai huce ba. Ɗan tudu na gaske zai mutu a bazara. Ɗan kwari mai laushin ganye zai ƙanjame a hunturu. Mutumin Jos, da ke sama da mita 1,200, yana da damar gwada wasu 'yan tudu. Na Kalaba kuwa 'yan kwari sun ishe shi. Ɗan Kaduna yana bukatar tsiro mai haƙuri da kowane ɓangare, kuma irin wannan haƙuri an fi samunsa a wajen ruwa-biyu, wato wanda aka samu ta auren nau'i biyu.

A ganina, zaɓin farko ga sabon shiga shi ne Nepenthes ventrata. Auren ventricosa ne da alata, dukansu 'yan Filifin, kuma shi ne aka fi sayarwa a duniya. Gonakin furanni na Holan suna fitar da shi da yawa a tukwanen rataye. Sau da dama za a ga an rubuta masa “alata” a jikin takarda, alhali shi ne. Ana gane shi da siririn tulu mai tsawon ɗan yatsa zuwa taƙi, mai ɗan tumbi a ƙasa da ƙugu a tsakiya, launinsa daga kore zuwa ja gwargwadon hasken da yake samu. Ba shi ne mafi kyau a dangin ba, kuma masu tara nau'o'i masu tsada suna yi masa kallon gama-gari. Amma yana yafe kuskure. Ya kan ci gaba da yin tulu a laimar ɗaki ta yau da kullum da zarar ya saba, yana jure daren Janairu, yana jure zafin Afrilu in an ba shi inuwa, kuma idan ya galabaita ya kan sake tofowa daga gindi.

Na biyu shi ne wanda ake kira Miranda, ruwa-biyu ne da ya haɗa jinin maxima da northiana. Wannan kam ado ne: tulunsa kore mai ɗigo-ɗigon ja, leɓensa mai faɗi da zane, yana iya kai tsawon santimita 30 a babban tsiro. Ya fi ventrata son ɗumi, don haka bazara ba ta cika damunsa ba. Aibinsa biyu: yana cin wuri, domin ganyensa manya ne, kuma ya fi saurin daina yin tulu idan iska ta bushe. Mai faffaɗar baranda ko falo mai babbar taga zai ji daɗinsa. Mai ɗaki da falo a Ungwan Sunday gara ya tsaya a ventrata.

Wanda ya nace sai tsantsar nau'i, ba ruwa-biyu ba, ya nemi sanguinea ta Malesiya, mai saurin girma da juriya. Ventricosa kanta tana da sauƙi, amma 'yar tudu ce, kuma dararen bazara za su wahalar da ita. Mirabilis da gracilis suna son zafi, sai dai hunturu na cin ganyensu in ba a cikin akwatin gilashi suke ba.

Akwai kuma waɗanda hotunansu suka fi yawo, kuma su ne ya kamata a bari. Rajah, na dutsen Kinabalu a Borneo, wanda tulunsa ke iya ɗaukar ruwa fiye da lita uku har ana tsintar ɓera a ciki, ɗan tudu ne mai jinkirin girma, kuma doka ta tsaurara cinikinsa. Haka lowii da villosa da hamata, duk sai da dare mai sanyi. Bicalcarata mai fiƙa biyu a ƙarƙashin murfi da ampullaria, wadda ake dafa shinkafa a cikin tulunta a Malesiya, su kuma laima suke so ba dare ba rana. Sannan a kula da wani rikici: akwai Sarracenia, mai dogayen tuluna a tsaye kamar kakaki suna fitowa daga ƙasa, da kuma Venus flytrap mai rufe baki. 'Yan Amurka ta Arewa ne, suna bukatar rana tsantsa da watannin sanyi na barci a kowace shekara, abin da ɗakin Kaduna ba zai ba su ba. In tulun ba a ƙarshen ganye yake rataye ba, ba mai-tulun da muke magana ba ne.

Lokacin saye yana da muhimmanci kamar nau'in. A saya a farkon damina, Mayu ko Yuni, domin tsiron ya samu wata biyar yana sabawa da gidan kafin iskar hunturu ta kaɗa. A wajen zaɓe, kada tuluna su ruɗi mai saye, domin yawancinsu za su bushe bayan sauyin wuri ko da an yi komai daidai. A duba ƙoƙon tsiron, inda sabon ganye ke fitowa: ya kasance kore mai ƙarfi, ba baƙi ba. A ɗaga ganye a duba ƙarƙashi ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga. A tambayi mai sayarwa tsawon lokacin da tsiron ya yi a hannunsa. Wanda ya yi wata uku a Najeriya ya fi wanda aka sauke daga jirgi shekaranjiya. Iri kuwa, wanda ake tallarsa a ƙullin leda da hoton tulu shuɗi, a bar shi. Babu shuɗin mai-tulu, irin gaske ba ya daɗewa da rai, kuma ko ya tsiro sai an yi shekaru kafin a ga abin nunawa.

Mai niyyar yin oda da kansa daga waje ya sani cewa shigo da tsiro mai rai yana bukatar izinin Hukumar Killace Kayan Gona ta Najeriya, NAQS, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Bugu da ƙari, dukkan jinsin Nepenthes yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta tun shekarun 1970, kuma rajah da khasiana ta Indiya suna rukunin farko mafi tsanani. Dalili shi ne masu tumɓuke su daga daji sun kusa ƙarar da wasu nau'o'in. Ventrata da Miranda na kasuwa a gona ake hayayyafa su, babu dajin da aka yi wa ɓarna dominsu.

Ruwa, ƙasa da taga

Ruwa ne ya fi kashe wannan tsiro a hannun sababbi. Saiwarsa siririya ce baƙa kamar gashi, ta saba da ruwan sama, kuma gishirin ma'adinai da ke cikin ruwan ƙasa yana taruwa a tukunya har ya ƙona ta a hankali. Ruwan rijiya da na burtsatse sun bambanta daga gida zuwa gida, ko a layi ɗaya a Narayi ko Sabon Tasha, don haka ba a yanke hukunci da ido. Akwai ɗan awo mai kama da alƙalami, na TDS, da ake samu wajen masu kayan tace ruwa. In ya nuna ƙasa da 50, madalla. In ya haura 100, a nemi wani ruwan. Haka za a gwada na famfo da na leda. Tafasawa ba ta cire gishirin, ƙara tattara shi take yi.

Mafi arha shi ne ruwan sama. A bar ruwan farko-farko ya wanke ƙurar kwano, sannan a tara a jarka mai murfi, kada a buɗe wa sauro wurin haihuwa. Tsiro ɗaya a matsakaiciyar tukunya da wuya ya sha fiye da lita biyu a mako, saboda haka jarka biyu ko uku masu lita 25 da aka cika a Satumba za su kai shi damina ta gaba. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana yi, in dai bututun da mazubin suna da tsabta. Tataccen ruwan da ake zuba wa batir shi ma ya dace, da sharaɗin a tabbatar ruwa ne zalla ba mai asid ba. A zuba daga sama har ya fita ta ƙasa, a zubar da abin da ya taru a faranti. Ƙasar ta kasance da danshi kullum kamar soson da aka matse, ba tsamo-tsamo ba.

Ita ƙasar ma ba ƙasa ba ce. Baƙar ƙasar lambu da takin shanu da kashin kaji da NPK, duk abin da mai furanni na bakin titi zai cika tukunya da shi cikin kyakkyawar niyya, guba ne ga mai-tulu. Abin da ake so shi ne haɗi mai sakwa-sakwa marar taki: busasshen gansakukan sphagnum da farin tsakuwar perlite rabi da rabi, in an samu. In ba a samu ba, gutsattsarin ɓawon kwakwa mai zare, wanda masu kayan renon tsirrai ke sayarwa, yana aiki tare da ɗan gawayin itace, amma sai an jiƙa shi a ruwan sama an sauya ruwan sau da yawa cikin kwanaki, domin yakan zo da gishiri. Tukunyar roba mai huji ta fi ta yumɓu, wadda ke saurin bushewa a hunturu. In tsiron ya zo a tukunyarsa yana lafiya, a ƙyale shi shekara guda.

Haske kuma shi ne sirrin tulu. Kalmar “tsiron ɗaki” tana sa mutane su ajiye shi a kan teburin tsakiyar falo, nan kuwa ganye zai yi ta yi kore shar babu tulu ko ɗaya. Wurinsa taga mai kallon gabas, inda zai sha hantsi na awa biyu ko uku, sauran yini kuma haske ba tare da rana ta taɓa shi ba. Ƙarfen taga ma ya samar da wurin rataye. Tagar yamma a bazara tanda ce. Ganyen da ya ɗan yi ja-ja alamar haske ya isa. Tabo mai ruwan ƙasa kamar ƙuna alamar ya yi yawa. Ma'aikacin da ke son ya ƙawata ofis da shi ya tuna cewa na'urar sanyaya ɗaki tana busar da iska, kuma daga yammacin Juma'a zuwa Litinin tsiron zai zauna a rufe cikin duhu da zafi. Fitilar LED mai haske sosai, awa 12 a rana, tana maye gurbin taga ga mai sola, amma dogaro da wutar gari a wannan aiki ganganci ne.

Idan hunturu ya shigo, a sa rai tuluna za su ragu, wasu su bushe daga sama. Wannan ba mutuwa ba ce, kuma babban kuskure shi ne a ɗauka ƙishi ne a yi ta ɗura masa ruwa har saiwa ta ruɓe. A janye shi daga bakin iska da fanka, a haɗa shi da sauran tsirrai wuri guda, ko a kai shi banɗaki mai taga da haske. Ƙaramin tsiro ana iya kifa masa farar leda mai 'yan huji ko a sa shi a tsohon akwatin kifi na gilashi, muddin rana ba za ta buga kai tsaye ta dafa shi ba. Fesa ruwa a ganye yana wanke ƙura, amma laimarsa ba ta wuce 'yan mintoci. A bazara a mayar da shi ɗaki mafi sanyi a gidan.

Ciyarwa ita ce mafi ƙanƙantar damuwa. Zai kama abinsa. In ana so, ƙwaro ɗaya ko biyu a wata ya isa, kuma shingen da ke fitowa bayan ruwan farko kyauta ne. Ban da nama, ban da ƙwai, ban da tuwo, domin ruɓar da tulun za su yi su cika ɗaki da wari. Ban da ƙwaron da fiya-fiya ya kashe. Ranar da za a fesa maganin sauro a fitar da tsiron, sai warin ya wuce a dawo da shi. Tulun da ruwansa ya zube a hanya, a zuba masa ɗan ruwan sama kamar kashi ɗaya cikin uku.

Bayan shekara biyu ko uku ventrata zai miƙe ya zama mai yaɗo, tsawonsa ya wuce mita, ƙasan karan ya yi itace. A lokacin, in akwai sabon tofo a gindi, ana iya yanke dogon karan a tsakiyar damina, a raba shi gunduwa-gunduwa mai ganye biyu ko uku, a rage rabin kowane ganye, a soka a jiƙaƙƙen sphagnum ko ɓawon kwakwa, a rufe da leda a inuwa mai haske. Saiwa kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku kafin ta fito, kuma ba kowane yanki ne zai kama ba. Waɗanda suka kama, tun suna ƙanana za su fara sanin iskar Kaduna, kuma su ne za a iya ba maƙwabci ya gwada ba tare da ya nemi dala ba.